Citta ta rage kilo a hanyar Legas kuma ba a sace ta ba: bambancin abu da mas ɗinsa

Duk wanda ya taɓa harkar citta ko riɗi tsakanin Arewa da Legas ya san irin wannan rigimar. An sayi citta a Kachia, an auna buhu-buhu, mai kaya ya rubuta a littafinsa, an yi lodi. Mota ta kwana uku a hanya. Da ta iso sito aka ɗora a sikeli, sai lissafi ya ƙi fita. A ce tan goma aka ɗora, yanzu ga tan tara da kilo 700. Ɗinkin buhu yana nan yadda aka yi shi, adadin buhuna bai ragu ba. Mai kaya ya kira direba yana ta faɗa, direba ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, wakilin da ke Legas kuma ya fara tsarguwa, don ya san in an gama da direba shi ne na gaba. Na san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka yi wata shida ba sa ga maciji a kan irin wannan.

Wani lokaci sata ce, ba za mu ɓoye ba. Wani lokaci kuma sikelin ne ba shi da gaskiya. Amma sau da yawa babu wanda ya ɗauki ko ƙwaya ɗaya, kuma amsar tana cikin littafin fiziks na yaranmu da ke sakandare, a babin farko ma.

Abin da ya tuna mini da maganar shi ne ɗan ƙanena da ke aji ɗaya a babbar sakandare a Agege. Ya dawo da aikin gida, wai ya bambance tsakanin "mata" da "mas". Babansa da ya ji an ce mata sai ya miƙe zaune, ya ce wace irin makaranta ce wannan da za a fara koya wa yaro ɗan shekara sha biyar zancen mata? Sai da aka kwantar masa da hankali cewa kalmar Turanci ce, ba ta da alaƙa da matan aure. Ita ce wadda makwabtanmu ke amfani da ita in suna tambayar me ya faru, amma a bakin malaman kimiyya ma'anarta daban: duk wani abu mai jiki. Don kada mu ci gaba da rikita dattawa, a wannan rubutu zan riƙa cewa "abu mai jiki". Shi kuwa "mas" zan bar shi yadda yake, saboda dalilin da za ka gani a gaba.

Abu mai jiki

Abu mai jiki shi ne duk abin da ya ci fili, wato ya tare wuri har wani abu ba zai zauna a daidai wurin ba sai ya ture shi. Citta, buhun da aka zuba ta, tayar mota, ruwan lagun, kai kanka mai karatu. Yana zuwa a sandare kamar dutse, ko a narke kamar manja, ko a matsayin iska kamar gas ɗin girki in ya fito daga tukunya.

Iskar nan ita ce ke ba mutane wahala, don ido ba ya ganinta sai mu ɗauka ba komai ba ce. Alhali kuwa in ka sami akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, iskar da ke cikinsa ta kai kusan kilo 1.2. Ɗaki mai mita huɗu ta kowane ɓangare da rufi mai tsayin mita uku, iskar da ke cikinsa ta haura kilo 50. Wato ɗakin da ka kwashe kaya ka ce babu komai a ciki, akwai abin da ya fi buhun siminti a cikinsa. Ka riƙe wannan, don a nan citta za ta ɓuya.

Akwai kuma abubuwan da suke nan, muna ji muna gani, amma ba su da jiki. Haske, zafi, ƙara, inuwa. Ba za ka cika kwano da hasken fitila ka ajiye don gobe ba. Ƙarar janareton makwabcinka tana hana ka barci, amma ba abu ba ce, girgiza ce da ke tafiya a cikin iska har ta iso kunnenka.

Shi kuma mas fa?

Mas ba abu ba ne. Awo ne da ake yi wa abu, kamar yadda tsawo yake awo, shekaru suke awo. Ba za ka je kasuwa ka ce a ba ka mas ba, sai dai ka ce a ba ka nama kilo biyu. Naman shi ne abu mai jiki, kilo biyun shi ne mas ɗinsa. Mutum daban, shekarunsa daban. Da yaron nan zai tsaya a nan ma, ya ci rabin makin tambayar.

To amma me ake aunawa? Wanda ya fi kowa sanin amsar a jikinsa shi ne mai ruwa. Ka dubi ɗan uwanmu da ke tura kura a Idi-Araba ko Sabo. A ce ya jera jarka goma masu lita 25, ka ga ruwa kilo 250 ke nan, don lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ba a kansa ya ɗora ba, tayoyi ne ke ɗauke da kayan. Titi a miƙe yake, ba hawa ba gangara. Duk da haka kafin kurar ta motsa sai ya sa ƙirji, ya kafe ƙafa, jijiyar wuya ta tashi. In kuma ta ɗauki gudu, yaro ya gifta ta gabansa, tsayar da ita ya fi tayar da ita wuya, sai ka ga tana jansa. Da ya sauke ruwan ya juyo da jarkoki fanko, da hannu ɗaya yake tafiyar da ita yana amsa waya.

Wannan taurin kan da abu yake da shi, in yana tsaye ya ƙi tashi, in yana tafiya ya ƙi tsayawa ko ya karkata, shi ake aunawa a kira shi mas. Iya yawan mas, iya ƙarfin da za ka kashe kafin ka canza wa abu tafiyarsa.

Zan ɗan tsaya a nan saboda 'yan achaba, don maganar ta shafi rai. Tankar mai lita 33,000, fetur ɗin da ke cikinta kaɗai ya kai kusan tan 24, ban da ita kanta motar. Kai da mashin ɗinka in an haɗa da ƙyar ku kai kilo 200. Ta ninka ku fiye da sau ɗari. In ka sha gabanta a hanyar Legas zuwa Ibadan ka taka birki, kai ka tsaya nan take, sai ka ɗauka ita ma haka za ta yi. Direba zai iya taka birki har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, amma kayan da ke bayansa ba su san da zancen ba. Ba mugunta ba ce, ba kuma lallai ya sha wani abu ba ne. Mas ne.

Wanda ya fara tsara wannan magana a rubuce da lissafi shi ne Isaac Newton na Ingila, a littafinsa na 1687. Shi ya bayyana mas da cewa yawan abu mai jikin da ke tattare a cikin wani abu, kuma har yau haka littattafan makarantunmu ke koyarwa. Bayanin ya isa kasuwa, ya isa jarrabawar WAEC. Amma yana da ɗan gyara, za mu zo kansa.

Inda Hausa ke haɗe biyu a kalma ɗaya

Me ya sa ban fassara mas da "nauyi" ba? Saboda mu da kalma ɗaya muke kiran abu biyu. Turawan ma a hirarsu ta yau da kullum haka suke cakuɗa su, sai an shiga aji ake rabawa.

Nauyi, a wurin masu kimiyya, shi ne ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi zuwa gare ta. Wasu na kiran wannan ja da maganaɗisun ƙasa, ni ban cika son sunan ba, don maganaɗisu ƙarfe yake kamawa ya ƙyale katako, ita kuwa ƙasa ba ta ƙyale komai, har auduga. Tunda ja ne, ya danganta da wanda ke jan. Wata ya fi duniya ƙanƙanta, jansa kusan kashi ɗaya ne cikin shida na jan duniya. Da za ka ɗauki buhun shinkafa mai kilo 50 ka kai shi can, ka rataya a sikelin nan mai ƙugiya, allura za ta nuna kilo takwas da 'yan kai. Da hannu ɗaya za ka ɗaga shi. Amma ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta fita ba, mutanen da zai ciyar a nan su zai ciyar a can. Kuma in wani ya wurgo maka shi da gudu ya same ka a ƙirji, zai buge ka daidai yadda zai buge ka a Obalende. Nauyi ya ragu, mas yana nan.

'Yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 400, ka gansu a bidiyo suna yawo kamar balan-balan. Sikelin banɗaki ba zai nuna musu komai ba. To amma likitoci na son sanin ko sun rame. Sai aka yi musu na'ura mai sifirin da suke riƙewa tana kai su tana kawo su, daga yadda jikin ke ƙin motsawa a lissafa kilonsa. Dabarar mai ruwa ce dai, aka sa mata kwamfuta.

Ko a nan duniya jan ba daidai yake ko'ina ba. A ƙuryar arewacin duniya, inda ƙanƙara take, ya fi na yankinmu ƙarfi da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Amma kada wani direba ya karanta wannan ya samu hujja. Tsakanin Kachia da Legas bambancin bai kai kilo uku a tan goma ba.

Wannan ne kuma bambancin sikeli iri biyu da muke gani. Tsohon ma'auni mai faranti biyu, wanda ake ɗora kaya a gefe ɗaya a ɗora duwatsun awo a ɗaya gefen, mas yake gwadawa da mas. Kai shi duniyar wata, amsa ɗaya zai ba ka, don jan da ya ragu a wannan faranti ya ragu a wancan. Shi kuwa mai ƙugiya da na lantarki, ja suke ji, sai su fassara maka shi zuwa kilo. Sifirin yana gajiya, ana kuma iya taɓa shi. A ganina duk wanda ke sayen kaya masu tsada da sikelin ƙugiya da ya shekara biyar yana aiki, ba a taɓa gwada shi ba, da shi da mai sayarwar duk caca suke yi.

To ina kilo 300 na citta?

Ɗanyar citta kusan kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne. Shi ya sa ake tsaga ta a shanya. In manomi ya matsu da kuɗi ya kwashe ta ba ta gama bushewa ba, ko wani ya yayyafa mata ruwa da gangan kafin awo, ka sayi citta ka sayi ruwa a farashi ɗaya. A hanya, ga zafin rana ga iskar gudu, ruwan ya bi iska. Ruwa abu ne mai jiki ko da ya zama tururin da ba a gani. Ya fita ta ƙofofin buhu, ya tafi da kilonsa. Yana can wajen Mokwa ko Jebba a sararin sama.

Abin yana juyawa ma. Zoɓon da ya bushe ƙayau a hunturun Kano, in ya zauna a sito kusa da Apapa cikin damina, zai sha laimar iska ya ƙara kilo. Babu wanda ke kiran waya ya yi faɗa a kan wannan, sai dai in ya fara fumfuna. Shi ya sa masu fitar da kaya waje ba sa yarda da sikeli shi kaɗai, sai sun soka na'urar gwada laima a buhu. Ƙaramin ɗan kasuwa ma da zai yi haka a wurin saye, ya rubuta kilo ya rubuta laima a gaban shaida, da an rage rantse-rantse.

Ƙa'idar ita ce: a harkokinmu na yau da kullum, mas ba ya ɓacewa kuma ba ya zuwa daga babu. In kilo ya ragu, wani abu mai jiki ya fita. In ya ƙaru, wani abu ya shiga. Wanda ya tabbatar da haka da awo mai tsanani shi ne Antoine Lavoisier, Bafaranshe, wanda ya riƙa ƙona abubuwa a cikin kwalaben da ya toshe, yana auna su kafin da bayan ƙunar, matarsa Marie-Anne tana rubuta sakamakon. Kullum kilo ɗaya yake samu. Ya fitar da littafinsa a 1789. Bayan shekara biyar masu juyin juya halin Faransa suka fille masa kai, ba don kimiyya ba, don yana cikin masu karɓar haraji na zamanin sarki.

Ka gwada ƙa'idar a wurin mai tsire. Ya juye gawayi rabin buhu da yamma, kafin sha biyun dare sai toka cikin tafin hannu biyu. Ina sauran? Gawayi yawancinsa sinadarin kabon ne. In yana ci, haɗuwa yake da oksijin na iska, su zama wata iska su tashi. Kowane giram 12 na kabon yana kama giram 32 na oksijin, su ba da giram 44. Wato da za ka tara iskar da ta tashi daga kilo ɗaya na kabon, za ka samu fiye da kilo uku da rabi. Abin da ya tashi ya fi abin da aka zuba. Kuma in iskar wurin ba ta wadata ba, ƙunar ba ta kammala, sai ta ba da wata iskar mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki ko shago. Rashin ganin abu ba ya nufin babu shi a ɗakin.

'Yan jari bola kuma nasu ya zo a juye. Ƙarfe in ya yi tsatsa ba raguwa yake fara yi ba, ƙaruwa yake, don oksijin ya shiga jikinsa. Giram 112 na ƙarfe in ya rikiɗe tsatsa gaba ɗaya zai kai giram 160 ko fiye. Abin da ya sa muke ganin kamar ya cinye shi ne tsatsar tana ɓarɓashewa ta zube ƙasa. Shi ya sa mai saye ke rage wa ruɓaɓɓen ƙarfe kuɗi: wani kaso na kilon da ke kan sikeli iska ce da ta daskare, in an kai kamfani an narka ba rodi za ta zama ba.

Mudu ba sikeli ba ne

A gida da mudu da tiya muka saba. Nan Kudu muka tarar da derika a Legas, kongo a Ibadan, da robar fenti ko'ina. Duk waɗannan fili suke aunawa, wato wurin da abu ya ci, ba mas ba. Robar fenti ta gari da robar fenti ta shinkafa girmansu ɗaya, kilonsu ba ɗaya ba. Ko shinkafar ma, wanda ya girgiza roba ya danna da wanda ya zuba sama-sama ba abu ɗaya suka ba ka ba. Wannan ne ma ya sa duk ƙarshen azumi za ka ji ana ta tambaya, zakkar fidda kai kilo nawa ce? Wani ya ce biyu da rabi, wani ya ce uku. Sa'i ma'aunin cikawa ne, don haka kilonsa na canzawa daga gero zuwa shinkafa zuwa masara. Hukuncin na malamai ne, ni dai dalilin saɓanin lambar nake nunawa.

Kowane abu da yadda yake danƙare. Kwalbar lita ɗaya in ruwa ce kilo 1, in fetur ne kusan giram 740. Da za a cika ta da alminiyom kilo 2.7, baƙin ƙarfe kusan 7.9, jan ƙarfe kusan 8.9, zinare kuwa 19.3. Mai sayen gwangwan da ke ɗaga abu ya jinjina a hannu ya ce wannan ba kofa ba ce, wannan lissafin yake yi ba tare da biro ba. Malaman Musulunci sun yi nisa a wannan fanni tun da daɗewa. Al-Khazini, wanda ya zauna a birnin Marw, ya rubuta littafinsa Mizanul Hikma wajen shekarar 1121, inda ya bayyana ma'aunin da ake auna abu a iska a sake auna shi a cikin ruwa, a gane zinare tsantsa da wanda aka yi wa haɗi.

Gyaran da aka yi wa Newton

Da a ce mas yawan abu mai jiki ne kawai, ba ƙari ba ragi, da bambancin nasu bai wuce na mutum da shekarunsa ba. Sai a 1905 wani matashi ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, Albert Einstein, ya nuna cewa makamashi ma yana da mas. In ka ƙara wa abu makamashi, mas ɗinsa ya ƙaru ko da ba ka ƙara masa ƙwayar zarra ɗaya ba. In makamashi ya fita, mas ya ragu.

Me ya sa Lavoisier bai gani ba? Saboda canjin ya yi ƙanƙanta ainun. Wayarka in ta cika da caji ta fi lokacin da ta mutu mas, amma bambancin bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ɗaya ba. Babu sikelin da zai kama shi. Ka juya lissafin kuma ka ga abin tsoro: giram ɗaya tak na mas daidai yake da yunit miliyan 25 na wutar da muke saye a mita. Bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, mas ɗin da ya ragu ya fita a matsayin wuta da zafi bai kai giram ɗaya ba. Rana kuwa a kowace daƙiƙa tana rasa kusan tan miliyan huɗu ta wannan hanya, kuma ɗan abin da ya iso mu daga ciki shi ne ya busar da cittar.

Abin ya fi haka zurfi. Kowane abu mai jiki an gina shi da ƙwayoyin zarra. Kusan duk mas ɗin ƙwayar, fiye da kashi 99.9 cikin 100, yana cikin ɗan ƙullutun da ke tsakiyarta, inda furoton da niyutiron suke. Su ma da aka leƙa cikinsu sai aka tarar da wasu ƙanana da ake kira kwak, uku-uku. To da aka haɗa mas ɗin kwak ukun nan, sai aka ga bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na mas ɗin furoton ba. Sauran duk makamashi ne, na zirga-zirgar da suke yi da na ƙarfin da ya ɗaure su wuri ɗaya. Wato mutum mai kilo 70, in ka bi diddigi, abin da ya fi kilo 68 a jikinsa makamashi ne da aka ƙulle. Ni kaina ranar da na fara karanta wannan sai da na ajiye littafin na yi shiru.

Saboda haka na ce wa yaron, a takardar jarrabawa ya rubuta abin da malaminsa ya koya masa: abu mai jiki shi ne duk abin da ke da mas kuma ya ci fili, mas kuwa awon yawansa ne, da kilogiram ake auna shi, ba ya canzawa daga wuri zuwa wuri, nauyi ne ke canzawa. Zai ci makinsa. In Allah ya kai shi jami'a zai tarar da sauran.

Wa ya ce kilo kilo ne?

Dattawanmu da suka yi cinikin gyaɗa da fata sun san laba, wadda ba ta kai rabin kilo ba. Shi kilo daga Faransa ya fito a ƙarshen ƙarni na 18, kuma da ruwa aka fara ƙayyade shi, shi ya sa lita ɗaya ta ruwa ta zo daidai da kilo ɗaya. Daga 1889 aka koma kan wani ɗan curin ƙarfe mai daraja, tsayinsa milimita 39, wanda aka kulle a Sèvres kusa da Paris. Duk sikelin duniya, har na mai nama a Oko-Oba, in ka bi salsalarsa a kan wannan curin take ƙarewa. Matsalar ita ce shi ma abu ne mai jiki, yana iya kwasar datti ko ya goge. Da aka riƙa gwada shi da kwafe-kwafensa sai aka ga sun fara saɓawa da kusan kashi 50 cikin miliyan na giram a tsawon shekara ɗari. A wurinmu ba komai ba ne, a wurin masu haɗa magani da masu bincike magana ce. Daga 20 ga Mayu 2019 aka yi masa ritaya, aka ɗora kilo a kan wata lamba ta halitta da ba ta canzawa, wadda ake kira da sunan masanin Jamus Max Planck.

A Najeriya akwai sashen awo da ma'auni a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya, wanda aikinsa ne duba sikeli da famfunan gidajen mai. Kafin su zo layinku, kana da abin gwaji a hannu. Ledar fiya wata mai ɗauke da guda 20, in kowanne santilita 50 aka rubuta a jikinsa, kilo goma ce da ɗan abin da leda ta ƙara. Ɗora ta a sikelin da kake shakka. In ya nuna tara ko sha ɗaya, a canza sikeli kafin a ci gaba da ciniki.

Haka in za ka cika tukunyar gas. Duba jikinta ko wuyanta, akwai inda aka buga kilon tukunyar in babu komai a ciki, galibi da haruffan TW a gabansa. A ɗora ta a sikeli a gabanka kafin a zuba, ka ga lambar, a zuba, a sake ɗorawa. In ka biya kuɗin kilo 12.5, lamba ta biyu ta fi ta farko da 12.5. Kada ka yarda da jijjiga tukunya a kunne, ko a ce maka ai ka ji ta yi nauyi.